Wa'adin Sallamar Malami: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

A wannan mako za mu amsa wata tambaya da ta zo mana daga ƙasar Kiyawa ta Jihar Jigawa. Mai tambayar ɗan kasuwa ne, kuma yana cikin kwamitin wata makarantar Islamiyya mai haɗe da boko. Ya ce kwamitinsu ya yanke shawarar sallamar wani malami wanda ya shekara 6 yana koyarwa a wurinsu. Malamin bai yi sata ba, bai yi wani abin kunya ba. Kuɗin da iyaye ke biya ne ya ragu, sa'an nan an sami wani saurayi wanda zai karɓi abin da bai kai albashin malamin ba. Abin da suka shirya shi ne su yi shiru har ranar da za a rufe makaranta a ƙarshen zango na uku, sa'an nan su miƙa masa takarda. Yana tambaya: shin akwai laifi a shari'a cikin haka? In kuma sai an ba shi notis, kwana nawa ne?

Amsarmu a taƙaice ita ce, sallamar halal ce, amma hanyar da suka zaɓa cuta ce, bai halatta su bi ta ba. Wa'adin da muke ganin ya dace da malami irin wannan shi ne zango guda cikakke, a rubuce, tare da albashin hutun da ya biyo bayan aikinsa. Ga dalilanmu, kuma muna roƙon 'yan kasuwa masu makarantu da ma'aikatan Gwamnati masu sa hannu a takardun sallama su karanta da natsuwa.

ƘULLIN DA KE TSAKANINSU

Abin da ke tsakanin makaranta da malami shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ijara, watau sayen amfanin aikin mutum da lada sananne. A mazhabarmu ta Imamu Malik ya halatta a karɓi lada a kan koyarwa, har da koyar da Alƙur'ani, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya ambata a cikin Risala. Sharaɗin ijara shi ne a san lada, a kuma san lokaci ko iyakar aiki. Dubi yadda Suratul Ƙasasi ta kawo ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana: an ambaci shekara 8, aka bar cikon ta 10 ga zaɓin ma'aikacin, dattijon ya bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa, sa'an nan suka sanya Allah shaida. Kowannensu ya san ranar rabuwa tun daga ranar haɗuwa.

Malamanmu sun kasa irin wannan ƙulli gida biyu. Na farko shi ne wanda aka yanka wa lokaci, kamar a ce mun ɗauke ka shekarar karatu guda. Wannan suna kiransa wajiba, kuma ya lazimci kowane ɓangare. In makaranta ta hana malami aiki a tsakiyar lokacin ba da wani uzuri na shari'a ba, alhali shi yana nan a shirye, to ladansa na sauran lokacin yana wuyanta, domin ya miƙa kansa, ita ce ta ƙi karɓa. Na biyu shi ne wanda aka ce kowane wata kaza, ba a ambaci ƙarshe ba. Wannan suna kiransa mushahara, kuma a asalin hukunci kowa yana iya janyewa.

A nan ne waɗansu masu makarantu suke fakewa. Su ce ai mu wata-wata muke biya, saboda haka duk ranar da muka ga dama mu ce a sauka lafiya. Gaskiya ne littattafan farko ba su yanka adadin kwanaki na notis ba. Amma waɗannan littattafai su ne kuma suka kafa ƙa'idodi guda biyu da suka rufe wannan ƙofa. Ta farko, abin da mutane suka saba da shi a al'ada yana zama kamar sharaɗin da aka furta. Ta biyu, ba a cutarwa kuma ba a rama cuta da cuta, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Duk wanda ya ɗauki malami ya damƙa masa aji a watan Satumba, shi da malamin da iyayen yara duka sun san nufin shi ne ya kai ajin ƙarshen shekara. Biyan albashi wata-wata tsarin biya ne kurum, bai mayar da malami ɗan ƙodagon yini ba.

Tun a ƙarni na 3 na Hijira, Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan ya wallafa littafi a kan ladubban malamai. A cikin mas'alolin da aka tattauna a wannan babi akwai ta uban da ya cire ɗansa daga hannun malami yaron yana dab da sauka, don kada ya ba da abin da aka saba bayarwa na sauka. Malamai suka hukunta cewa haƙƙin malamin bai faɗi ba. Ashe dabarar jiran lokacin da za a kuɓuce wa biya tsohuwar dabara ce, kuma tun tuni shari'a ta gane ta.

SANARWA KAFIN WARWARE ALKAWARI

Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umarnin cika ƙulle-ƙulle. Amma Alƙur'ani ya koyar da mu har yadda ake warware su. A Suratul Anfali, aya ta 58, an umarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ji tsoron ha'inci daga mutanen da ke da alkawari da shi, ya sanar da su a fili cewa alkawari ya ƙare, yadda shi da su za su zama daidai a cikin sani. A farkon Suratut Tauba kuma an ba mushirikai wata 4 su yi tafiyarsu cikin aminci, aka aiki Sayyidina Aliyu ya shelanta haka a aikin hajjin shekara ta 9 bayan Hijira. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Mu'awiya ya taɓa matsawa da runduna kusa da iyakar Rumawa don ya auka musu da zarar wa'adin sulhu ya cika, sai sahabi Amru ɗan Abasa ya riske shi ya tunatar da shi cewa wannan yaudara ce. Mu'awiya ya juya da rundunarsa.

Mun sani waɗannan nassosi a kan sulhun yaƙi suke magana. Abin da muke ɗauka a cikinsu shi ne ma'aunin. In abokin gaba yana da haƙƙin a sanar da shi, a ba shi lokacin da zai kintsa, ina ga wanda ya shekara 6 yana koya wa 'ya'yanmu alwala da karatu? Abin da kwamitin nan ya shirya, watau su san hukunci tun yau su ɓoye shi har ranar da malamin ba shi da mafita, shi ne ainihin abin da Amru ɗan Abasa ya hana.

Haka kuma a babin saki, Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda. Shari'ar da ta halatta rabuwa ita ce ta sanya mata lokaci da ciyarwa.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Musulmi yana kan sharuɗɗan da ya ɗauka, kuma dokar da hukuma ta kafa don maslahar jama'a, in ba ta saɓa wa shari'a ba, binta wajibi ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974 kuma har yau ake aiki da ita, ta yanka mafi ƙarancin notis a sashe na 11 kamar haka: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Notis na mako 1 zuwa sama dole ne ya kasance a rubuce. An yarda a biya kuɗi a madadin notis, kuma dole a biya dukkan albashin da ake bin mai aiki kafin wa'adin ya cika ko a ranar cikarsa. Sashe na 7 kuma ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata 3 ya wuce, a cikinta har da tsawon notis.

Akwai abin lura a nan. Dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar kalmar ma'aikaci, saboda haka lauyoyi sukan yi jayayya a kan ko ta shafi malami kai tsaye. Malamin Gwamnati yana da ƙa'idodin aikin Gwamnati da suke kare shi: takardar tuhuma, da damar ba da amsa, da zaman kwamitin ladabtarwa. Malamin makarantar kuɗi ko ta Islamiyya kuwa, abin da zai dogara da shi shi ne takardar ɗaukarsa aiki. Mafi yawan malaman Islamiyyunmu ba su da ita, da baki aka ɗauke su, bayan sallar la'asar. Wannan sakaci ne babba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi.

Tun bayan gyaran Tsarin Mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma an ba ta ikon duba kyawawan ƙa'idodin ƙwadago na duniya. Daga cikinsu akwai Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce a ba ma'aikaci notis mai ma'ana ko diyya, sai fa in ya yi babban laifi, kuma kada a kore shi a kan zargi sai an ba shi damar kare kansa.

To, bisa lissafin sashe na 11, malamin da ake tambaya a kansa wata 1 ne nasa. Amma masu karatu su gane, doka ta faɗi mafi ƙaranci ne, watau iyakar da in aka gaza ta an yi laifi. Ba ta ce nan adalci ya tsaya ba.

DON ME WATA GUDA BAI ISA BA

Amfanin notis shi ne mutum ya sami lokacin neman wata mafita. Saboda haka ana auna shi ne da yanayin sana'ar. Yaron shago da aka sallama yau yana iya samun wani shago a kasuwa mai zuwa. Direba yana iya samun mota a tasha cikin mako. Kasuwar malami kuwa sau ɗaya take ci sosai a shekara, lokacin da makarantu ke shirin sabuwar shekarar karatu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a farkon zango. Wanda aka sallama a tsakiyar zango zai tarar kowane aji da mai shi.

A ƙasa irin ta Kiyawa kuma akwai lissafi na biyu, watau na damina. Malamin ƙauye a Andaza ko Katanga yana da gonar gado, amma saboda aji ya riƙe shi, sau da yawa yakan rage abin da zai shuka, ko ya ba da aron wani sashe. In aka sanar da shi a watan Afrilu, farkon zango na uku, yana da lokacin da zai karɓi gonarsa, ya kai taki, ya tanadi iri, ya yi shuka da ruwan farko, kuma ya zaga makarantun Dutse da kewaye da takardunsa tun guraben ba su cike ba. In kuwa aka bari sai ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, shuka ta wuce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. 'Yan kasuwar Shuwarin sun fi mu sanin yadda farashin gero yake a marka. A wannan lokaci ne kwamiti ke son a miƙa wa magidanci takarda a ce masa Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma maganar albashin hutu, wadda ita ce ainihin abin da ake gudu. Mu ƙaddara albashin malamin Naira 30,000 ne. Kwamiti yana ganin in ya sallame shi ranar rufe makaranta, ya tsira da kuɗin wata guda ko biyu. To amma hutun nan ba kyauta ba ne. A al'adar aikin koyarwa, albashin shekara ne ake rabawa wata 12, hutu kuma yana cikin shekarar. Wanda ya koyar zango uku, ya shirya jarrabawa, ya duba takardu, ya cika sakamako, ya riga ya yi aikin da ya sa hutun ya zama haƙƙinsa. Imamul Buhari ya ruwaito cewa mutum uku Allah da Kansa ne zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Wane ɗan kasuwa mai hankali ne zai sayi wannan husuma da Naira 30,000?

Waɗansu ƙasashe sun gane wannan. A Ingila, sharuɗɗan aikin malaman makarantun hukuma sun ɗaure notis da ƙarshen zango: wata 2 a zangunan farko biyu, wata 3 a zango na ƙarshe, kuma aikin yana ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba, ko 30 ga Afrilu, ko 31 ga Agusta. Watau wanda zai tafi a ƙarshen shekara ya sani tun ƙarshen Mayu, kuma albashin dogon hutu nasa ne. Mu da aka saukar wa Suratut Tauba mun fi cancanta da wannan tsari.

Kada kuma a manta da yara. Malamin da aka cire bagatatan yakan tafi da sanin inda kowane yaro ya tsaya, wa ya kai izu nawa, wa ke tuntuɓe a lissafi. Wa'adi ne ke ba shi damar miƙa ajin hannu da hannu.

DARASI DAGA ABIN DA YA WUCE

Dattawan ma'aikata ba su manta da 1975 ba. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed, Allah Ya jiƙansa, ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, da nufin tsarkake aikin Gwamnati. Niyyar ta sami karɓuwa wurin jama'a, kuma lalle akwai ɓarna da ake son gyarawa. Amma mutane da yawa a rediyo suka fara jin sunansu, ba a tuhume su ba balle a ji ta bakinsu, mai laifi da marar laifi aka haɗa. Masu nazari da yawa suna ganin daga nan ne ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa, ya fara tara wa kansa ta kowace hanya. Mai makaranta ya yi tunani a kan wannan. Ranar da ya kori malami ɗaya babu wa'adi, sauran malaman sun ɗauki karatu, kuma daga ranar kowa zai riƙa koyarwa da ƙafa ɗaya a waje.

A 2001 Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 a lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da Kotun Ƙoli ta hukunta a mayar da su bakin aiki a biya su albashinsu na shekarun da suka wuce. Waɗansu daga cikinsu sun rasu kafin hukuncin ya zo. Hukumar da ta ƙi bin matakan da doka ta shimfiɗa ta biya kuɗin shekara 8 na aikin da ba a yi mata ba.

A Jihar Kaduna kuma, a 2017, Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 da aka nema ba, ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ta kai ƙara kotu, ta kuma shiga yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 aka sake sallamar waɗansu 2,357. Mutane sun rabu biyu a kan wannan, daga Zariya har Kafanchan. Mu a nan muna cewa haƙƙi biyu ne suka haɗu. Yaro yana da haƙƙin malamin da ya san abin da yake koyarwa, kuma barin wanda bai iya ba a aji cin amanar iyaye ne. Wanda za a cire shi ma yana da haƙƙin wa'adi, da biyan haƙƙoƙinsa a kan kari, domin hukuma ce ta ɗauke shi da hannunta ta ajiye shi shekaru. Cika haƙƙi na farko bai sauke na biyu ba. Haka nan malaman wucin gadi, irin na shirin J-Teach a Jigawa, ya kamata kowannensu ya san ranar ƙarewar wa'adinsa da abin da zai biyo baya tun da sauran lokaci.

IN MALAMI YA YI BABBAN LAIFI FA?

Duk abin da muka faɗa a kan wanda aka sallama don raguwar kuɗi ne, ko don rauni a aiki bayan an yi masa gargaɗi. Amma wanda aka zarga da lalata da ɗalibai, ko dukan da ya raunata yaro, ko cin kuɗin makaranta, ko sayar da jarrabawa, wannan a janye shi daga aji a ranar, domin kare yara ya gabaci komai, kuma abin da ya shafi hukuma a kai shi ga hukuma, kada a rufe don kunya. Sai dai dakatarwa daban, kora daban. Kafin a yanke hukunci dole a ji ta bakinsa. Alƙalanmu sun san babin i'izari a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, watau alƙali ba ya zartar da hukunci sai ya tambayi wanda za a hukunta ko yana da sauran hujja, ya kuma ba shi lokacin kawo ta. Annabi Sulaimanu ma, da ya nemi alhudahuda ya rasa, ya bar masa ƙofar kawo uzuri, da ya zo da labari kuma ya ce sai an bincika. In laifi ya tabbata, babu notis, amma albashin kwanakin da ya riga ya yi aiki nasa ne.

Wanda kuma aka sallama ba da laifi ba, a wanke sunansa. Sayyidina Umar ya sauke Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas daga mulkin Kufa bayan ya aika an bincika ƙorafin mutanen garin, amma har a kan shimfiɗar ajalinsa ya bayyana wa jama'a cewa bai sauke shi don gazawa ko ha'inci ba. A gari irin Kiyawa, inda kowa ya san kowa, malamin da aka ga ya daina zuwa makaranta ba bayani, kafin mako guda an ƙaga masa laifi goma. Takardar shaida mai layi biyar, da kalma ɗaya ta godiya a gaban iyaye, ba su cin ko kwabo.

Akwai kuma wata mummunar hanya, ita ce kora da hali: a riƙe albashi wata biyu, wata uku, a rage masa darussa, a daina amsa gaisuwarsa, har ya gaji ya tafi da kansa, sa'an nan a ce ai shi ya bari. Wannan ya fi kora a fili muni, domin ya haɗa zalunci da munafunci. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin biya daga mai hali zalunci ne.

ABIN DA KE KAN MALAMI

Ma'aunin nan da shi za a auna malami. Mun sha jin masu makarantu suna kuka da malamin da ya karɓi albashi ranar Alhamis, ranar Asabar aka neme shi aka rasa, ashe ya sami wani aiki a Dutse ko Kano, ya bar yara ana saura mako 3 jarrabawa. Wannan ma ha'inci ne. Neman abin da ya fi ba laifi ba ne, amma ya sanar, ya kai zangon ƙarshensa, ya miƙa rajista da littattafai. Wanda aka ba notis kuma kada ya mai da sauran kwanakinsa na ramuwa, ya riƙa makara yana ɓata sunan makaranta wurin iyaye. Albashin wa'adin ladan aiki ne, sai an yi aikin yake halatta.

SHAWARARMU

Ga mai tambaya da sauran masu makarantu, ga abin da muke gani.

Na ɗaya, kowane malami a ba shi takardar ɗauka, da Hausa ko Ajami in ya fi sauƙi, a rubuta albashi, da lokacin gwaji, da tsawon notis na kowane ɓangare, shaidu biyu su sa hannu.

Na biyu, wanda ya wuce lokacin gwaji, notis ɗinsa kada ya gaza wata 1, kuma ya ƙare da ƙarshen zango. Wanda ya shekara 2 zuwa sama a ba shi zango guda cikakke.

Na uku, wanda ya kammala shekarar karatu a biya shi albashin dogon hutu.

Na huɗu, in dole ne a rabu nan take ba da laifi ba, a biya kuɗin wa'adin gaba ɗaya a ranar, a hannu, ban da a dawo gobe.

Na biyar, a ba shi izinin fita neman aiki a cikin wa'adin, da takardar shaida. Wanda ya daɗe kuma a haɗa masa da ɗan ihsani gwargwadon hali.

In kwamiti ya ce asusu babu kuɗi, to ya kira malamin tun yau ya gaya masa gaskiya. Wataƙila ya yarda da ragi na ɗan lokaci, wataƙila iyaye su taimaka, wataƙila wani attajiri a cikinku ya ɗauki nauyin wata biyun nan a matsayin sadaka. Rashin kuɗi uzuri ne, amma ɓoye hukunci ba shi da uzuri. In kuma zango na uku ya riga ya yi nisa, sai a biya shi hutu, a bar shi ya koyar da zangon farko, notis ya ƙare a Disamba.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata kuma, musamman na ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi, ku tuna takardar da kuke bugawa gida guda take shiga, mai mata da 'ya'ya. Kada fayil ɗin haƙƙin wanda aka sallama ya kwana a teburinku alhali kuna da ikon wuce da shi. Kujerar da kuke kai wani ya zauna kafin ku, kuma wata rana taku takardar wani ne zai buga.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu tun muna da rai, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.